Kuɗin Rufe Asusu

Mu huɗu ne, ni da Yaya da Hajiya da Amarya, a kicin ɗin Yaya ranar Asabar bayan la'asar, a gidanta da ke kudancin Landan. Ta kira mu ne mu taya ta murna, don ta gama biyan bashin gidan da ta ɗauka tun 2003. Rabonta na gadon Baba ne ya iso daga Kano, ta haɗa da 'yan kuɗin adashenta ta sauke nauyin gaba ɗaya. Mun ci masa da miyar taushe, mun yi addu'a, har Hajiya ta share hawaye. Sai da yara suka haye sama sannan Yaya ta tura ƙofa, ta zaro ambulan daga ƙarƙashin faranti.

"Wannan tsakaninmu ne, ko Abbansu ban nuna wa ba," in ji ta.

Takardar lissafin ƙarshe ce daga banki. Ta ɗora yatsa a layi na uku daga ƙasa, inda aka rubuta kuɗin rufe asusu, fam 225. Ta ce ta biya, ba ta ce musu uffan ba, amma abin yana ci mata rai. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa makara ko wata ɗaya ba, ga shi ranar sallama an sake miƙo mata hannu.

Amarya ta ce, "Yaya, ki bar su da Allah. Gida ya zama naki, mene ne fam ɗari biyu?"

Hajiya ta ajiye kofin shayinta. Ita ce babbarmu, ta riga mu zuwa Ingila da shekaru, kuma ba ta ɗaga murya. Ta tambayi Yaya abu ɗaya: nawa aka rubuta a takardar tayin bashin da ta sa wa hannu? Yaya ta ce wa zai tuna. Hajiya ta ce a je a ɗauko.

Kafin a sauko da akwatin takardun Yaya, Hajiya ta ba mu labari. A shekarun baya, bankunan nan sun riƙa ƙara wannan kuɗi a hankali ba tare da mai bashi ya lura ba. Mutum ya sa hannu a kan fam hamsin ko casa'in, ranar fita a ce masa ɗari biyu da wani abu, wasu har kusan ɗari uku. A farkon 2007 hukumar FSA mai sa ido kan bankuna, wadda FCA ta gaje ta a 2013, ta taka musu birki. Ta ce ko su tsaya a kan abin da aka yi yarjejeniya tun farko, ko su rage, ko su yafe, ko kuma su kawo hujjar ƙarin. Mutane da yawa da suka riga suka biya sun rubuta an mayar musu da bambancin, kuma Hajiya na cikinsu. Ta ce wasiƙa ɗaya ta rubuta, shafi ɗaya.

Akwatin ƙarfe ne irin na lefen da, cike da fasfo tsofaffi da katunan rigakafin yara. Takardun bankin na can ƙasa, an ɗaure su da kyauron roba da ya bushe har ya manne. Hajiya ta ce kada mu tsaya kan ta 2003 kaɗai, domin duk lokacin da mutum ya sauya tsarin biya ya sa hannu a sabuwar takarda, adadin na iya sauyawa, kuma ta ƙarshen ce za su riƙe. Muka jera su a kan tebur, ni na karanta. A ta ƙarshen an rubuta fam 90.

Yaya ta yi shiru tana kallon lambobin biyu. Sannan ta faɗi abin da nake jin shi ne ainihin damuwarta. Ta ce tun ranar da ta ci bashin nan zuciyarta ba ta kwanta ba saboda kuɗin ruwa, lokacin kuwa ba ta san wata hanya ba, bankin Musulunci na farko a Birtaniya ma sai 2004 aka buɗe shi. Yanzu da Allah ya raba ta da su, ba ta son ko sunansu ya sake shigowa gidanta. Ga kuma kunya, kada a ce mace mai gida a Landan tana jayayya a kan canji.

Na fahimce ta ƙwarai, amma ban yarda ba, kuma na gaya mata. Fam 135 ɗin nan guminta ne, daren da ta kwana a tsaye a wurin aiki ne. Kawaici da muka taso da shi yana da kyau tsakanin maƙwabta, wurin wanda ya san an yi masa kara. Kwamfutar banki ba ta san kara ba, ta ga dai an biya ta rufe fayil. Idan sun mayar da kuɗin suka ɗora ruwa a kai, kamar yadda sukan yi, sai ta ware ruwan ta bayar, ta riƙe nata.

Nan Amarya ta tsorata, don ita da mijinta suna shirin sayar da nasu su koma babba. Hajiya ta ce mata nata daban ne, kuma ya fi ciwo. Su suna cikin wa'adin da aka tsayar musu da kuɗin ruwa, wanda ya fita kafin wa'adin ya cika kuwa akwai tarar biya da wuri, yawanci kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na abin da ya rage. A bashin fam 200,000, kashi uku kaɗai fam 6,000 ne. Wannan da wuya a kayar da ita tunda tana rubuce. Abin dubawa shi ne ranar da wa'adin zai ƙare, domin kwana biyu kacal na iya raba mutum da dubbai, sai ko an lissafa tarar daidai, sai kuma ko bankin zai bari su ɗauki tsarin su kai sabon gidan. Amarya ta buɗe waya ta tura wa mijinta saƙo nan take.

Muka koma kan Yaya. Ta ce to za ta buga musu waya ranar Litinin. Hajiya ta girgiza kai. "A rubuce, ƙanwata. Maganar waya iska ce." Ta ce a sa kalmar ƙorafi ƙarara a saman wasiƙar, domin daga ranar da ta isa hannunsu suna da mako takwas su ba da amsar ƙarshe. Idan sun ƙi, ko sun yi shiru, akwai ofishin Financial Ombudsman Service, kyauta ne, ba sai da lauya ba, amma a kai musu cikin wata shida daga ranar amsar. Ta kuma ce Yaya ta duba rajistar filaye ta intanet, 'yan fam kaɗan ne, ta tabbatar an cire sunan bankin daga kan gidan.

Ni na riƙe biro. Layi biyar muka yi: lambar asusu, abin da takarda ta ce, abin da aka karɓa, bambancin, da buƙatar a mayar ko a kawo hujja a rubuce. Amarya ta ɗauki hoton shafukan biyu ƙarƙashin fitilar kicin, sau uku kafin lambobin su fito sosai.

Yaya ta karanta wasiƙar a hankali, ta gyara harafi ɗaya a sunanta, ta sa hannu. Sannan ta tashi ta je gaban kalandar masallaci da ke manne a jikin firij, ta ƙirga mako takwas da yatsa, ta zagaye ranar da jan biro.