Motar Baba

Da muka gaji Camry 2008 ta marigayi Baba, wadda ake kira Muscle, mu 'ya'yansa muka ce sai ta yi kwarjini. Muka nufi Ƙofar Ruwa a Kano, muka sa mata baƙaƙen rim da salansa mai ruri.

Ranar da za mu kai Hajiya asibiti, muna tayar da motar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ku samo min adaidaita. Wannan ba motar babanku ba ce."

Washegari muka mayar da salansar asali, muka bar rim ɗin. Yanzu shiru take shigowa layi, amma sai an waiga. Hajiya kuwa ta koma kujerarta ta gaba.