Kalmar "charge" da kayan da take ɗorawa

Jikana, tunda ka kama aikin ofis, bari in ja maka kunne a kan kalma ɗaya ta Turanci, wato "charge". Mu ma mun are ta, kullum tana bakinmu: cajin waya, caji ofis, bakanike ya caje ni da tsada. To me ya haɗa batir da ɗan sanda?

Kaya ne ya haɗa su. Romawa suna da amalanken da suke kira "carrus", sunan ma a bakin mutanen Gol, tsoffin mazauna ƙasar Faransa, suka karɓo shi. Yi masa lodi kuwa, "carricare". Faransawa suka tauna ta ta koma "charger", Turawan Ingila suka ɗauka wajen ƙarni na 13, ma'anarta a lokacin ɗora kaya. "Car" da "cargo" duk 'yan ɗaki ɗaya ne da ita.

Daga nan ta yi ta yaɗo. Ɗura wa bindiga albarushi lodi ne. Masu binciken lantarki na ƙarni na 18, irin su Benjamin Franklin, da ita suka kira cika kwalbar gwajinsu da wuta, ga ta yau a jikin wayarka. Kuɗin da aka aza maka kaya ne. Wanda aka ce yana "in charge" ma, amana aka ɗora masa a ka, ko da yake da yawansu kujerar kawai suke gani, abin da ke ba ni takaici.

Amma wadda ta fi nauyi ita ce ta kotu. Lokacin da nake tafinta, an kawo wani dattijo manomi kan rikicin gona. Da ya ji kalmar daga bakin magatakarda, sai ya cusa hannu aljihu, ya zaro tsumman da ya ƙulle kuɗinsa a ciki, yana cewa, "Na yarda, ranka ya daɗe, nawa ne?" Shi farashi ya ji, alhali tuhuma ake karanta masa. Allah ya taimaka alƙalin ya dakatar da shi, aka yi masa bayani dalla-dalla.

Don haka in takarda ta zo teburinka da kalmar nan, daga banki ko daga lauya, kada ka tsaya a ma'anar farko ta ƙamus, ka bi shafin har ƙasa. Ka gane wane kaya ne, kuma a kan wa za a ɗora shi, kafin ka miƙa wa wani ya sa hannu, musamman in ba ya jin Turanci.