Gadarif: Garin Riɗi da Jibba Mai Faci

Duk wanda ya taɓa cinikin riɗi a gabashin Sudan ya san Gadarif, ko da a bakin dillalai ne. Tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai ce daga Khartum. Ƙasar baƙa ce, laka mai danƙo, da damina tana riƙe tayar mota, da rani kuma ta tsattsage har ƙafar yaro ta shige. Daga watan Oktoba riɗi yake fara shigowa kasuwar amfanin gona, dawa ta biyo baya, manyan motoci su yi layi tun asuba. A unguwannin gefe har yanzu ɗakunan ciyawa masu tsini ne, waɗanda suke kira guɗɗiyya, kuma a wasu lungunan za ka ji Hausa tsantsa kamar kana Kurmi, sai dai shayin da jabanar na Sudan ne. Tsohon sunan garin Suk Abu Sin, wato kasuwar gidan Abu Sin, shugabannin ƙabilar Shukriyya. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Abin da mu 'yan kasuwa ba mu cika lura da shi ba, ƙasar nan da ake noman riɗi a kai filin yaƙi ce. A Gallabat, bakin iyakar Habasha, kimanin kilomita 150 daga Gadarif, aka gwabza a watan Maris na 1889 tsakanin Ansar ƙarƙashin Zaki Tamal da rundunar Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu. Sarkin ya sami rauni ya mutu, aka kai kansa Umdurman. A ranar 22 ga Satumba 1898 kuma, kwana ashirin bayan yaƙin Karari, Kanar Parsons ya taso daga Kasala ya ƙwace Gadarif kanta, Ahmad Fadil ya dawo ya kai hari bai iya karɓe ta ba.

Wannan tarihi na ga yara sun sa shi a jiki, a bikin 'yancin kai na 1 ga Janairu, kafin yaƙin nan na yanzu ya ɓarke. A wani fili ne na unguwa, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗaure zannuwa a matsayin bango. Wani malamin makaranta, ɗan Hausawan garin, shi ya shirya matasan. Iyaye mata sun ɗinka musu jibba irin ta Ansar, farar riga da facin ja da shuɗi da baƙi, takubba na katako, masu na kara. Wanda ya fito a Gordon an shafa masa garin alkama a fuska, tun kafin ya buɗe baki wurin ya kaure da dariya. Da aka zo faɗuwar Khartum ta 26 ga Janairu 1885, ya faɗi daga kan benci, mata suka rangaɗa guɗa. Mahadi ya fito, kowa ya tafa. Usman Digna ya fito da gashin Hadandawa na ƙarya, aka tafa. Har nan babu gardama, domin Turkawa da Turawa baƙi ne, dukansu ba ya raba kan kowa.

Da Khalifa Abdullahi ya fito sai wurin ya canza. Kusa da ni akwai wani dattijo, abokin cinikina, Bashukure. Ya miƙe ya kakkaɓe jallabiyarsa. Na ce, "Ya Hajji, ai ba a gama ba." Ya ce, "A wurina an gama." Ya tafi abinsa. A ɗaya gefen kuma wani tsoho Ba'ansare yana share hawaye da gefen rawani. Yaro ɗaya suke kallo, ɗan shekara goma sha biyar da gemun auduga.

Washegari a shagonsa ya warware mini. Shehun Shukriyya, Awad al-Karim Abu Sin, a kurkukun Umdurman ya rasu zamanin Khalifa, dukiyar raƙuman ƙabilar ta salwanta. Sannan ga yunwar da suke kira Sanat Sitta, ta shekarar 1306 ta Hijira, wato 1888 zuwa 1889, wadda ta ci gabashin ƙasar ƙwarai, ga kuma runduna jibge a Gallabat tana neman abinci. Ja'aliyyin na bakin Nilu su ma suna da nasu tabon, kisan Matamma na 1897 a hannun Mahmud wad Ahmad. Amma ga Ansar, Khalifa shi ne mutumin da ya ƙi gudu ya ƙi miƙa wuya, ya zauna a kan buzunsa a Umm Dibaikarat ranar 24 ga Nuwamba 1899 har harsashi ya same shi. Duka biyun sun faru. Kuma tun da Khalifa Bata'aishe ne daga Darfur, maganar tana saurin komawa ta mutanen kogi da mutanen yamma. Tun 15 ga Afrilu 2023 wannan tsohuwar magana ta dawo bakin mutane da zafinta.

A Amurka ma suna irin wannan wasa. Manya da gemunsu suna sa kayan sojan Arewa da na Kudu na yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, su taru a Gettysburg su yi ta harba bindiga ba harsashi, da yamma su ci abinci tare. Su ma ɗin har yau tutar Kudu tana haɗa su faɗa. Mu kuwa a gida muna da wasan kara na Damagaram da wasan gauta na fada, inda ake kwaikwayon masu mulki a gabansu a yi dariya. Amma can raha ce. Ban taɓa ganin an sa wa yaro rawani an ce shi ne Tukur ko Yusufu na basasar Kano ba, kuma ina jin da gangan aka bar abin.

To ina Bahaushe a cikin wannan wasa? Nan ne abin ya taɓa ni. Yaron da ya fito a Usman Digna ɗan unguwar ne, kakansa a Gadarif aka haife shi. Duk da haka sai da na ji wani a bayana yana cewa, yaushe Fallata suka zama Digna. Malamin ya ji, bai tanka ba. Lokacin ba a daɗe da rikicin Nilu Shuɗi na Yulin 2022 ba, wanda aka kashe Hausawa da dama a yankin Damazin da Rusairis, har 'yan uwa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala. Maganar wane ne ɗan ƙasa ba wasa ba ce a lokacin.

Alhali mutanen yamma sun daɗe a wannan yanki. Gallabat gari ne na Takarir, mahajjatan da suka yada zango suka zauna, kuma yaƙin Mahadiyya ya raba su su ma: Shehu Salih Shanga ya tsaya da Habasha da gwamnatin Masar, Muhammad wad Arbab ya riƙe garin da sunan Mahadi har aka kashe shi a 1887. Babban ayarin namu kuwa daga baya ya zo, bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a har bakin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake a yau. Bindigar Ingila ɗaya ce ta yi Karari ta yi Burmi, tsakaninsu shekara biyar.

Na faɗa wa malamin haka. Ya ce, "Baffa, ai na sani, littafin makaranta ne bai sani ba." Ya ce yana so ya ƙara fitowa ɗaya a wasan, ta isowar Mai Wurno.

Bai samu yi ba tukuna. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023, sannan Singa a tsakiyar 2024, makarantun Gadarif sun cika da 'yan gudun hijira, filin wasan ma tantuna aka kafa a ciki. Ga kuma 'yan Tigray a sansanin Um Rakuba tun Nuwambar 2020, mutanen ƙasar Yohannes ɗin nan, waɗanda a wurinsu shahidi ne. A saƙonsa na ƙarshe ta WhatsApp ya ce ya rubuta fitowar a littafin rubutu, jibbobin suna cikin akwatin mahaifiyarsa. Abin da ya tsaya masa shi ne harshen da Mai Wurno zai yi magana da shi. Dattawan Fulani sun ce Fulatanci, matasan unguwa sun ce Hausa, shi kuma yana ganin in ba Larabci ba ne, maƙwabta ba za su zauna su ji ba.