Kan gwani, ƙafar ɗan koyo

Duk wanda aiki ya kawo birnin Munich na ƙasar Jamus, hunturu zai ba shi zaɓi biyu. Ko dai ya kulle kansa a ɗaki daga Disamba zuwa Maris yana kallon rana tana faɗuwa da wuri, ko kuma ya bi mutanen gari zuwa kan duwatsu. Mu na biyun muka zaɓa. Mu biyu ne, mata da miji, a ajin kimiyyar kwamfuta muka haɗu, kuma rubuta manhaja ita ce sana'armu har yau. Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa zuwa Garmisch-Partenkirchen, garin da ke gindin Zugspitze, dutse mafi tsawo a Jamus mai mita 2,962. A can muka koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara, shekara takwas ke nan.

Zamiyar nan iri biyu ce. Akwai ta allo ɗaya mai faɗi, wanda ake kira sinobod. Ana ɗaure ƙafafu biyu a kansa, mutum ya tsaya a kaikaice, kafaɗa ɗaya tana gaba. Akwai kuma siki, wato alluna biyu dogaye sirara, kowace ƙafa da nata, mutum yana fuskantar inda za shi, riƙe da sanda a kowane hannu. Siki tsohon abu ne, ya yi dubban shekaru a arewacin duniya. Allo kuwa ɗan jiya ne. A 1965 wani Ba'amurke, Sherman Poppen, ya haɗe siki biyu wuri ɗaya don 'ya'yansa su yi wasa a jihar Michigan, kuma sai a 1998 allon ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Nagano ta Japan. Mu allo muka koya, don takalminsa ya fi laushi kuma abokan aikinmu shi suke hawa. Mun ci ƙasa iya ci a hunturun farko, daga baya jiki ya saba, har muka kai ga sauka daga gangaren da ake yi wa baƙar alama, mafi tsananin duka.

To, sai Allah ya ba mu 'ya. Da ta cika shekara huɗu muka sa ta a makarantar zamiya ta yara, inda akasari da siki ake fara musu. Nan muka ga iyakar allo. Yaro ɗan koyo a fili mai ɗan gangare yake yini, mai allo kuwa da ya iso shimfiɗaɗɗen wuri sai ya tsaya cik, sai ya kwance ƙafa ɗaya yana turawa kamar mai tura keken da ya yi faci. Wanda ya tsaya a kaikaice kuma kullum rabin filin yana bayansa, ga shi yarinyar ba ta san dama da hagu ba idan gudu ya ɗebe ta. Wata rana ta faɗi a sama da mu, ta ɗaga murya: "Abba, Umma, ku zo mana!" Kafin mu kwance alluna mu hau, wata baƙuwa mai siki ta taka gefe-gefe ta ɗaga ta. A jirgin komawa gida ba mu yi doguwar magana ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Hunturu guda muka yi muna haya muna ɗaukar darasi. Da muka iya juyawa da ƙafafu a jere, sai batun sayen namu ya taso, kuma tun farko mun san irin da muke so: siki mai sassaƙa.

Ga abin da ake nufi da sassaƙa. Hanya biyu ake juyawa a kan ƙanƙara. Ɗan koyo yakan karkatar da sikinsa ya bar shi ya share dusa a gicciye, kamar motar da aka taka wa birki a kan laka. Gwani kuwa kwantar da sikin yake yi a kan kaifinsa, wato siririn ƙarfen da ke gefe, kaifin ya kama ƙanƙara, wutsiya ta bi daidai sawun da kai ya yanka. In ka waiwaya sai ka ga layi biyu sirara kamar an ja da wuƙa. Wanda ya taɓa kwantar da babur a kwana mai kyau ya san ɗanɗanon abin.

Sirrin yana cikin sifar sikin. Kansa da wutsiyarsa sun fi ƙugunsa faɗi, don haka gefensa ba miƙaƙƙe ba ne, wani yanki ne na babbar da'ira. In aka kwantar da shi aka danna, sai ya lanƙwashe ya bi da'irar da kansa. Sikin da, mai tsawon mita biyu, kusan a miƙe yake. A farkon shekarun 1990 ne kamfanin Elan na Sloveniya ya fito da SCX, kamfanin Kneissl na Ostiriya ya fito da Ergo, dukansu masu tsukakken ƙugu, kuma kafin ƙarnin ya ƙare salon ya cinye kasuwa. Masu allo sun riga su sanin daɗin ƙugu mai zurfi, shi ya sa mai allo da ya waiwayi siki, mai sassaƙa ne ke fara ɗaukar idonsa. Ɗan'uwansa ya gani.

Da yake mu masu lissafi ne, ba mu yarda da lambar da aka buga a jikin siki ba sai da muka gwada ta a takarda. A ɗauki mai faɗin milimita 122 a kai, 72 a ƙugu, 106 a wutsiya. A haɗa kai da wutsiya, a cire ƙugu sau biyu, a raba huɗu: zurfin lanƙwasar ya zama milimita 21. In tsawon da ke taɓa ƙasa ya kai kusan mita ɗaya da rabi, a ninka shi da kansa, a raba da zurfin nan sau takwas. Za a sami mita 13 da ɗoriya. Wannan ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakinta, kuma ita ce lambar da ake bugawa. Ƙaramar lamba, gajeriyar kwana. Babbar lamba, doguwar kwana da gudu mai yawa. Kuma iya kwantarwarka iya tsukewar da'irar: a kan ƙanƙara mai tauri, in ka kwantar da shi digiri 60, tazarar takan ragu zuwa kusan rabi.

Nan ne tarkon mai allo yake. Ya zo da rabin ilimin a kansa. Ya san yadda kaifi ke kamawa, ba ya tsoron gangare, yana karanta ƙanƙara da ido, ya san wadda ta daskare da wadda rana ta tausasa. Saboda haka in ya shiga shago idonsa kan sikin 'yan tsere yake sauka, masu tauri da nauyi, don a ransa shi ba baƙo ba ne. Amma ƙafafunsa ba su san abin da kansa ya sani ba. A kan allo ƙafafu biyu abu ɗaya suke yi, kaifi biyu ne kawai, na yatsu da na diddige. A kan siki kaifi huɗu ne, kuma kowace ƙafa tana da ra'ayinta. Mai allo ya saba kwantar da jikinsa gaba ɗaya zuwa cikin kwana. In ya yi haka a kan siki nauyinsa zai koma kan ƙafar ciki, ta waje kuma, wadda ya kamata ta ɗauki kayan, sai ta zame ta bar shi. Dole ya koyi fuskantar gangare da ƙirji, ya danna ƙaurinsa a gaban takalmi, ya bar gwiwa da ƙugu su yi kwanciyar.

A wurin aiki mun sha ganin irin wannan. Mutum ya shekara goma yana rubutu da Python, sai a ba shi aiki da Rust. Tsarin tunani yana nan, ya san abin da yake so manhajar ta yi, amma yatsunsa na ɗan aji ɗaya ne. Ba a damƙa masa babbar manhajar kamfani a makon farko, ba kuma a mayar da shi koyon abacada. Aiki ake ba shi na tsaka-tsaki, wanda zai yafe masa tuntuɓe amma ba zai gundure shi ba bayan wata biyu. Irin wannan sikin muka fita nema, kuma lamba huɗu muka riƙe.

Ta farko ita ce ta da'ira. Allunanmu suna tsakanin mita 7 da 9, don haka jikinmu ya saba da gajeriyar kwana. Sikin tseren zilliya tsakanin turaku yana wajen mita 12 zuwa 13, na babban tseren kuwa mita 30 ne, wanda ba shi da wurin zama a filin da yara ke yawo. Muka tsaya tsakanin 13 da 15. Ta biyu faɗin ƙugu. Mai allo yakan so faɗi, don ya saba da shawagi a kan sabuwar dusa. Amma iya faɗin ƙugu iya nisan tafiya daga wannan kaifi zuwa wancan, kuma gwiwa ce ke biyan kuɗin tafiyar. Masu milimita 100 zuwa sama na dusa mai zurfi ne. Mu da za mu yini a hanyar da injin ya daddaɓe, 70 zuwa 76 ya ishe mu. Ta uku tsawo: in ka tsayar da shi a gabanka, ya tsaya tsakanin haɓa da hanci. Ta huɗu tauri. Sikin tsere yana da falle biyu na ƙarfe a cikinsa, ba ya lanƙwasa sai da gudu da ƙarfi. Wanda zai bi 'yar shekara biyar a baya ba zai taɓa kaiwa wannan gudun ba, sikin zai zame masa katako kawai. Mai cikin itace da falle ɗaya, ko ma babu, shi ke lanƙwasa a tafiyar sannu.

Dattijon da ke shagon ya saurari lissafinmu har ƙarshe, sannan ya ce mu ajiye takardar mu cire safa. A wurinsa takalmi ne farko. Takalmin siki na roba ne mai tauri, ana auna shi da tsawon ƙafa a santimita, kuma duk wani sako-sako a cikinsa jinkiri ne tsakanin niyyarka da kaifi. Wanda ya fito daga takalmin allo zai ji kamar an sa shi a mari. Dattijon ya kuma zaunar da mu a kan batun maɗauri. Na allo ba ya saki ko da ka faɗi, shi ya sa raunin masu allo ya fi yawa a wuyan hannu. Na siki an yi shi ne ya saki ƙafa in murɗawa ta yi yawa, don doguwar sandar da ke ƙafarka tana iya tsinka jijiyar gwiwa. Ana saita ƙarfin sakin ne da nauyinka, tsawonka, shekarunka, tsawon takalminka da kuma matakin iyawarka. Da ya zo kan tambayar ƙarshe ya ɗago ya dube mu. Muka ce masa matsakaita. Shekara takwas ɗin nan ba su shiga lissafin ba, kuma gwiwoyinmu ne riba.

Zuwa da kai ya fi saƙo, don haka kafin mu biya sai da muka yi hayar iri uku muka gwada a gangare ɗaya, rana ɗaya. Mai taurin ya yi daɗi a kwana biyu na farko da safe, da ƙafa ta fara gajiya sai ya koma shi ke tuƙa mu. Mai laushin ƙwarai yana karkarwa da zarar an taɓa ƙanƙara mai sulɓi. Na tsakiyar bai ba mu mamaki ba ko sau ɗaya, kuma shi muka saya a watan Maris, lokacin da shaguna ke karya farashin kayan bara. Dogonmu mai santimita 178 ya ɗauki 166, ɗayarmu mai 164 ta ɗauki 152.

Abin da lamba ba ta auna ba shi ne girman kai. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya wuce talatin, ya saba abokai suna jiransa ya nuna musu hanya, sai ga shi a gangare mai shuɗiyar alama tare da 'yan firamare, abokan nan suna wucewa ta sama a kujerar lilo suna ɗaga masa hannu. Mu da muka baro gida muka koyi sabon harshe da girmanmu mun san wannan zafin, mun kuma san yana wucewa. Da mun sayi sikin da zai burge masu kallo, da kayan sun yi kyau a hoto, da kuma yarinyar ta ci gaba da faɗuwa nesa da mu.

Allunanmu suna nan a ɗakin ajiya. Ranar da sabuwar dusa ta sauka da dare, ɗayanmu yakan ɗauki nasa ya yi sammako, ɗayan ya zauna da yarinyar, mako mai zuwa a yi musanya. Sauran ranakun mu uku muke sauka a jere, ita a tsakiya. Malamarta ta ce baɗi za ta fara hawa gangare mai jar alama, don haka muna da hunturu guda mu gyara ƙafar waje kafin ta fara jiranmu a ƙasa.