Dodon Goronyo da Amanar Alƙalami

Bayan la'asar muna zaune a zauren Dattijo nan Bololo, sai jikansa ya miƙo waya. Hoton wata dabba ce mai dogon baki kamar kada, da filafilai a gurbin ƙafafu. Yaron ya ce, "Kaka, wai a ƙasar Sakkwato ta rayu." Dattijo ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wa ya gan ta har ya zana ta?"

Tambayar ta hana mu sukuni, sai da muka bincika. Dabbar gaskiya ce. Masana sun raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972, saboda yankin Goronyo, inda aka tono ƙasusuwanta. Fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, teku ne ya ratsa Sahara ya mamaye wannan yanki. Ita kuwa 'yar uwar guza da damo ce da ta koma ruwa, amma iska take shaƙa. Haƙoranta suna sarƙewa in ta rufe baki, idanunta ƙanana, shi ya sa ake kyautata zaton a gurɓataccen ruwa take farauta.

Nan shaidar ƙashi ta tsaya. Ƙoƙon kan a murƙushe aka same shi, har sai da wani masani ya gyara fasalinsa a 1988. Jelar nan mai kama da ta kifi aro ce daga wata 'yar uwarta da aka tono a Jodan. Launin fata kuwa, mai zane ne ya zaɓa.

Da muka kai wa Dattijo bayani, sai ya nuna littafin da muke rubuta asalin gidajenmu. Kakanninmu da yawa hanyar hajji ce ta ajiye su a bakin Shari, kuma abin da ya iso gare mu guntaye ne: sunan gari, laƙabi, rabin labari. Sau nawa muka cike giɓi don zance ya yi daɗi? A makarantar allo da zaure an koya mana bambanta "na gani" da "an ce", amma alƙalami yakan manta.

Tun ranar muka ɗauki tawada biyu: baƙa ga abin da yake da shaida, ja ga abin da muke zato. Jikokinmu suna da haƙƙin sanin inda ƙashi ya ƙare, zane ya fara.

Allah Ya sa mu riƙe amana.