Zoben da Na Jefar a Kwanar Dangora

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na harbo wani ɗan tsuntsu da danƙo a bayan gidanmu a Kwanar Dangora, wajen ƙarshen damina. Bai cika tafin hannuna ba. A ƙafarsa akwai zoben ƙarfe mai lambobi da rubutun boko. Na nuna wa kakata, ta ce in jefar, kada ya zama na aljanu ne. Na jefa shi a rijiya.

Sai da na girma na gane irin asarar da na yi. Masu bincike a Turai ne ke sanya wa tsuntsaye wannan zobe domin bin diddigin ƙaurarsu. Daga cikin baƙin namu akwai ƙanana masu cin ƙwari, waɗanda Turawa ke kira warbler. Wani nauyinsa bai wuce giram 10 ba, amma yakan tsallake Bahar Rum da Sahara ya zo ci-rani wurinmu. A Suwidin an gano cewa wani jinsinsu zuriya biyu ne: na kudancin ƙasar Afirka ta Yamma suke dosa, na arewa kuwa gabashi da kudancin Afirka. Da wuya ido ya bambance su. Da na adana zoben nan, da an san inda nawa ya fito.

Abin da ke damuna shi ne, shahararren lissafin tsuntsayen Jihar Kano Sharland da Wilkinson ne suka wallafa shi a mujallar Malimbus tun 1981. Jigawa ma ba a cire ta daga Kano ba a lokacin. Yau kuwa, duk wanda ya bi hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi, alhali dajin Falgore da bakin madatsar Tiga masaukin waɗannan baƙi ne. Idan sun daina zuwa, da wace hujja za mu ce sun taɓa zuwa?

Cibiyar APLORI da ke Jos na tattara bayanan tsuntsayen Nijeriya daga hannun masu sa kai. Aikin bai fi ƙarfin ɗalibanmu ba: littafi, alƙalami, kwanan wata da sunan wuri. Ni dai na fara, ko da yake a makare. Kowace Asabar ta watan Oktoba nakan je Tiga da sassafe, in zauna ina duban ƙafafun tsuntsaye.