Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu

Wata bakwai na yi ina tsimi daga kuɗin guzurina, har garin kwaki ya san ni na san shi, duk don in sayi wata 'yar na'ura da makaɗan jitar lantarki ke takawa da ƙafa. Turawa na ce mata faz. Aikinta shi ne ta dagula muryar jita ta sa ta yi gurnani. Ni kuwa ran da na fara jin sautin nan, goge ya faɗo mini a rai, shi ya sa na ƙwallafa rai a kanta.

Abin mamaki, da kuskure aka gano shi. Wata na'urar ɗaukar murya ce ta lalace a birnin Nashbil na Amurka, waƙar ta fito a 1961 da gurnanin a ciki, mutane suka so shi. A 1962 kamfanin Gibson ya fitar da Maestro Fuzz-Tone, a 1966 kuma aka yi Fuzz Face a Landan, wadda Jimi Hendrix ya shahara da ita. Yau kamfanoni na ƙera sababbi bisa tsarin waɗannan tsofaffi.

To, a nan gizo ke saƙar. Fuzz Face taransisto biyu ne a cikinta, na farkon da jameniyam aka yi su, daga baya aka koma silikon. Na jameniyam ya fi taushin murya, in ka rage ƙarar jita sai sautin ya washe. Shi raina ya biya, don shi masana ke yabo.

Kafin in biya kuɗi, sai na je wajen wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Yaro, jameniyam ba ya shiri da zafi. In ya ɗumama sai wuta ta riƙa zurarewa a cikinsa, muryar ta shaƙe. A ina za ka kaɗa?"

Na ce, "A nan, Baba, a watan Afrilu."

Ya yi dariya, bai ƙara cewa uffan ba.

Kwana uku ina juya maganar. Masu yabon nan yawancinsu a ƙasashen sanyi suke, ni kuwa a filin makaranta zan tsaya gaban 'yan'uwana ɗalibai, ba ni da kuɗin saye sau biyu. Na haƙura na ɗauki na silikon. Muryarsa ta fi kaifi, gaskiya ne, har yanzu ɗayan yana raina. Amma ran bikin ƙungiyarmu, da na taka shi, wani malaminmu ya waiwayo yana tambayar ina mai gogen yake.